Ƙofa Talatin da Uku

A Cakung, wata unguwa a gefen birnin Jakarta, ba a tambayar mutum kuɗin da ya tara, ƙofofinsa ake tambaya. In aka ce Haji wane mai ƙofa arba'in ne, to an gama magana: ɗakunan haya arba'in gare shi jere reras, kuma ko wurin ɗaurin aure ya je, shi za a fara miƙa wa kofi. Mahaifinmu Haji Dulhalim, wanda muke kira Babe, ƙofa goma sha biyu ya bari. Ya gina su a bayan gidanmu lokacin da kamfanonin ɗinki suka cika unguwar, 'yan mata suna kwararowa daga ƙauyukan Jawa neman aiki. Da kuɗin hayarsu ya sauke farali, da su ya aurar da ni, da su kuma ya biya wa yayana Marjuki makarantar da bai ƙarasa ba.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya kama hannun Marjuki, wanda muke kira Bang Juki, ya ce, "Ku ci abin da ƙofa ta kawo, amma kada ku sayar da ƙofa." Ina wurin, da kunnena na ji. Abin da ban sani ba shi ne yayana zai ɗauki maganar nan ya mayar da ita kamar aya.

Ni ce Rohaya, ƙanwarsa, a gida ana kira na Aya. Ina aure a can ƙarshen layi, a gidan surukaina, amma kullum da asuba ina kafa teburina a bakin ɗakunan hayar ina sayar da nasi uduk ga masu fita aiki. Shinkafa da madarar kwakwa, soyayyar albasa, ƙwai da yaji, a naɗe a takarda su wuce. Don haka babu wanda ya fi ni sanin wa ya shigo layin, wa ya fita. Mahaifiyarmu, Nyak Saniah, tana babban gidan da ke kallon titi, mai bishiyar mangwaro a gaba da tsohuwar ƙofar jati, wani katako mai tsada da ƙarko, wadda Babe ya sa aka sassaƙa shekarar da ya aure ta. Bang Juki da matarsa suna ɓangare guda na gidan.

Masifar ta faro ne daga wani taro da ya je a otal. Ya biya kuɗin shiga, aka ba shi ruwan roba da alewa, wani mai kwat ya yi musu wa'azin dukiya. Ya dawo idanunsa na ƙyalli.

"Aya, kin san kuskurenmu? Mu muke yi wa kuɗi aiki. Masu wayo kuɗi ke yi musu aiki suna barci."

"Kai ai da ma barcin kake yi, Bang. Kuɗin ne dai ba su sani ba."

Bai yi dariya ba. Ya ja ni bayan ɗakunan, inda Babe ya bar wani fili mai ayaba da rogo, ya riƙa nuna mini iska da hannu. Nan za a yi bene, ƙofa goma a ƙasa, goma a sama. Banki zai bayar, 'yan haya su biya banki, shi kuma ya zama mai ƙofa talatin da biyu. Na tambaye shi me zai ba bankin ya riƙe. Sai ya kama sosa ƙeya. Filin ayaba ba ya bakin titi, banki bai ɗauke shi a bakin komai ba. Takardar gidan Nyak suke so.

Na ɗauka Nyak za ta kore shi da tsintsiya. Ina! Tana zaune a kan gadon katakon da ke baranda tana gyaran wake, ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ƙofa za a ƙara, ba ragewa ba?"

"Ƙarawa, Nyak. Ashirin cif."

"To ai ubanku ma abin da ya yi ke nan."

Na ce, "Nyak, Babe da kuɗin filin da ya sayar ya yi gini, bai jinginar da inda yake kwana ba."

"Ke kuma Aya, bakinki bai iya faɗin alheri ba ne?" in ji Bang Juki. "Kullum ke ce mai hango rami."

Haka Nyak ta sa rigarta ta zuwa biki, suka tafi banki, ta sa hannu. Ta dawo tana ba ni labarin sanyin da ke ofishin da yadda wata yarinya ta kira ta Ibu Hajja, wato Hajiya.

Gini ya kai rabi azumi ya kama. Mu a nan mun san yadda ƙarshen azumi yake: layin ya kan zama fayau, kowa ya tafi ƙauyensu yin Sallah. Wannan bai taɓa damun mai gidan haya ba, don akwai abin da muke dubawa tun zamanin Babe. Wanda zai dawo ya kan ɗauki tufafi da tsarabar yara kawai. Ƙaramar koriyar tukunyar gas ɗinsa kuwa ya bar ta a ɗaki, don wa zai yi dakon ƙarfe mai nauyi a babur har tsakiyar Jawa ya sake dawowa da shi? In ka ga tukunya ta hau babur, to ɗakinka ya zama kango.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah na ga Darsih, 'yar ƙofa ta uku, wadda ta zo mana tana budurwa har ta haifi biyu ta kai su wurin kakarsu. Mijinta na ɗaure kaya a babur, ita kuma ta fito rungume da koriyar tukunya kamar jariri.

Na ce, "Mbak Darsih, ina za ki da tukunya? A garinku Brebes an daina sayar da gas ne?"

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Mpok Aya, wallahi kunyar faɗa miki nake ji. Kamfani ne ya riga ni zuwa gida. Sun buɗe sabo a kusa da ƙauyenmu, nan kuma bayan Sallah za su rufe."

"Ai albashin can rabin na nan ne."

"Rabi ne. Amma babu haya, shinkafa daga gonar babana, kuma in na tashi aiki 'ya'yana zan tarar, ba bango ba."

Na naɗa mata shinkafa biyu na ce ta ci in an sha ruwa a hanya. Kafin ranar ta ƙare na ga tukunya a kan babur har na daina dubawa. Ba namu kaɗai ba, duk layin ne, har da na Haji Mursidi mai ƙofa sittin.

Na tarar da Bang Juki a wurin gini, ya sa hular kwano kamar injiniya, yana yi wa leburori tsawar da ba sa ji.

"Bang, tukwane suna tafiya."

"Su tafi mana. Jakarta ce fa, Aya. Mutum ɗaya ya fita, goma su shigo."

"Su shigo su yi me? Su ɗinka iska? Kamfanonin ne ke tashi."

"Kin ji ki! Mai sayar da shinkafa ta zama masaniyar tattalin arziki."

Na so in kwaɗa masa ludayin da ke hannuna, azumi ne ya cece shi.

A daidai wannan lokaci Allah ya kawo mana mafita har gida. Wani mutum, Pak Hendarto, da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa, yana neman inda zai zuba kuɗin sallamarsa, ya ga tsofaffin ƙofofin Babe goma sha biyu ya yaba. Farashin da ya taya zai kusan fanso takardar gidan Nyak. A sayar da tsofaffin, a ƙarasa sababbin da abin da ya rage a hannu, kowa ya yi barci da ido biyu rufe. Ban ɓoye wa mutumin komai ba, na faɗa masa kamfanoni na shirin tashi, ya ce shi ma ya ji, amma yana ganin wasu za su maye gurbinsu. To ai shi ke nan, ciniki da ido buɗe.

Na tara su a baranda bayan an sha ruwa. Na yi bayani dalla-dalla, har da roƙo.

Bang Juki ya ajiye kofinsa. "Ke kin manta abin da Babe ya ce?"

"Ban manta ba. Babe ya faɗa ne don kada Nyak ta rasa abin ci. Yanzu kuwa inda take kwana ake magana."

"Ya ce kada a sayar da ƙofa. Bai ce sai in Aya ta tsorata ba."

"Bang, ƙofa goma sha biyu ko gidan uwarka, wanne ya fi?"

"Babu wanda za a rasa. Kuma kin san abin da za a ce a masallaci? Ɗan Haji Dulhalim ya sayar da ƙofofin ubansa kabarinsa bai gama bushewa ba."

Nan ne gizo ke saƙar. Ba wasiyya ce ta dame shi ba, kofin wurin ɗaurin aure ne. Na juya wurin Nyak ina jiran ta tsawatar. Ta dubi mangwaron ta ce, "Maganar mamaci nauyi gare ta, Aya. A bar ƙofofin."

Na tashi na tafi gida ko sallama ban yi ba. Ranar na yi kukan haushi, irin wanda ba ya sanyaya zuciya.

Sallah ta wuce, waɗanda suka dawo ba su kai rabi ba. Aka gama bene, aka yi masa fenti shuɗi, Bang Juki ya yanka akuya aka yi addu'a, ya tsaya a gabansa aka ɗauke shi hoto. Sai jiran 'yan haya. Muka yi ta jira kamar masu jiran ruwa a rani. Duk layin ya cika da allunan neman mai haya, wani a kan wani, har allon Haji Mursidi ya fi na kowa girma. Wannan ya rage kuɗin haya, wancan ya rage fiye da shi, wani ya ce watan farko kyauta. Yaran da ke aiki a ofisoshi da kantuna su zo su leƙa, su tambayi na'urar sanyaya ɗaki da wurin ajiye mota, su yatsina fuska su tafi dogayen benaye na can bakin babbar hanya. Waɗanda ke tsayawa sai yaran manyan motoci, su yi wata guda su ɓace, su bar maka ƙwanƙon taba da famfo a karye.

Yayana bai zauna ba, wannan kam zan ba shi haƙƙinsa. Ya sa intanet kyauta, samarin unguwa suka riƙa zama a gindin bene suna sha ba tare da sun kama ɗaki ba. Ya sa ɗakunan a waya, aka yi ta kiransa ana taya su da kuɗin da ko wutar lantarki ba zai biya ba. Ya kawo wani malami ya yayyafa ruwan addu'a a kowace ƙofa. Na ce masa, "Bang, da Brebes ka kai malamin ya yayyafa wa kamfanin, ko ya dawo." Ya yi sati bai yi mini magana ba.

Ni ma abin bai bar ni ba. Tukunyar shinkafar da kan ƙare kafin rana ta fito sai ta kai hantsi da saura, na koma dafa rabi. Sannan wa'adin sassaucin da banki ya ba yayana ya cika, kuɗin ruwa ya tashi, abin da mai kwat ɗin otal ya manta bai faɗa musu ba. Motarsa ta tafi. Gwal ɗin matarsa ya bi ta, matar kuma ta kwashe yara ta tafi gidansu a Bekasi, wai hutu. Duk da haka in aka je ɗaurin aure sai ka ji mai gabatarwa ya ce, "Ga Bang Haji Marjuki, mai ƙofa talatin da biyu," shi kuma ya gyara zama ya karɓi kofi. Ko Hajjin ma bai je ba, ƙofofin ne suka ba shi.

Sai da banki ya fara turo mutane gida, masu ladabin da ke sa gaban mutum faɗuwa, sannan ido ya raina fata. Bang Juki ya same ni ina wanke tukwane, ya tsaya yana murza hula.

"Aya, lambar mutumin nan na tashar jirgi tana wurinki?"

Na dube shi sama da ƙasa. Maganganu sun cika mini baki, amma na haɗiye, don gidan Nyak ya fi mini huce haushi. Muka je tare. Pak Hendarto ya karɓe mu da fara'a, ya ba mu shayi, ya saurara.

"Da bara ne, da mun gama," in ji shi. "Allah ne ya tsare ni da ƙin da kuka yi. Yanzu mutum nawa ne a ciki?"

Bang Juki ya ce, "Ana samu."

Na ce, "Uku."

Mutumin ya girgiza kai. "Ku yi haƙuri. Ƙofar da babu mutum a bayanta ai rami ne a bango."

Muka zaga duk inda ake zagawa. Dillalai suka zo suka auna, suka ɗauki hoto, suka ɓace. Kowa a Cakung ƙofa yake son sayarwa, ba mai saye. Mutum ɗaya ne kawai ya zo da kuɗi a hannu, wani mai manyan motocin dakon kwantena, shi kuma ko kallon ɗakunan bai yi ba. Gidan Nyak yake so, don yana bakin titi. Zai rushe shi, ya sare mangwaron, ya zuba kankare motocinsa su riƙa kwana. Zaɓi biyu ya rage: mu sayar masa da hannunmu a biya banki, ko banki ya yi gwanjonsa a wulaƙance.

Bang Juki ya ce ni zan faɗa wa Nyak, wai na fi shi iya magana. Na ce ashe yau bakina ya iya faɗin wani abu. Na tisa ƙeyarsa gaba muka shiga tare.

Tana baranda a wurinta na kullum. Ya durƙusa ya yi ta kewaye-kewaye, yanayin kasuwa, kuɗin ruwa, kamfanoni, har na gaji na ce, "Nyak, gidan ne zai tafi."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsinke ganyen da ke cikin faranti.

"Ƙofofin fa?" ta tambaya.

"Suna nan, Nyak," in ji shi da sauri. "Ko ɗaya ba a taɓa ba."

"To madalla. An cika wasiyya."

Yadda ta faɗe ta, gara a ce ta mare shi. Ni kuwa na kasa riƙe kaina. "Wace wasiyya, Nyak? Na faɗa muku! A nan wurin na faɗa muku!"

"Kin faɗa, Aya," in ji ta. "Kin faɗa. Yanzu sai ki dafa maganar taki mu ci."

Na roƙe ta ta dawo wurina, ta ce ba za ta ƙare rayuwarta tana bin bango a gidan surukan 'yarta ba. Bang Juki ya ce su tafi Bekasi, ta ce ita a Cakung aka binne cibiyarta. "Ba ɗakuna gare mu ba? Ai sun yi yawa ma. Ku share mini na Darsih, ya fi kusa da famfo."

Ranar tashi ba ta damu da kujeru ko kabad ba, ta ce a raba wa maƙwabta, ɗaki ɗaya ba zai ɗauka ba. Abu guda ta nace a kai. Ta aika aka kira kafinta ya cire ƙofar jati daga jikin gidan. Mai motocin ya ce a ɗauka, shi da ma wuta zai sa mata. Ƙarti huɗu ne suka ɗauke ta suna nishi, suka bi lungu da ita har ƙofa ta uku. Kafinta ya auna, ya sake aunawa, ya ce ba za ta shiga gurbin ba, ta fi shi tsawo da faɗi, sai dai a rage ta. Nyak ta ce wanda ya sa mata zarto sai ya fara sa mata a wuya. Da ƙyar aka karkata ta aka shigar, aka jingina ta da bango a kwance, ta cinye kusan rabin ɗakin.

Bang Juki ya tsaya yana shafa sassaƙar furannin da ke jikinta. Ni na san kallon nan, shi ne kallon da ya dawo da shi daga otal.

"Nyak," in ji shi a hankali, "kin san irin wannan tsohon jatin tsada gare shi yanzu? Akwai masu saye a Kemang, unguwar masu kuɗi, su kai otal-otal. Ga shi ta tare miki wuri. Da za a..."

Nyak ta ɗago ta dube shi.

"Juki, ba kai ne ka ce ba a sayar da ƙofa ba?"

Ya janye hannunsa daga jikin ƙofar.

"Ƙara ta a cikin naka," in ji ta. "In an tambaye ka a wurin ɗaurin aure, ka ce talatin da uku."

Ya fita. Ban bi shi ba, kuma ban ji daɗin da na daɗe ina zaton zan ji ba.

Yanzu inda mangwaro yake tireloli ne ke faka, in sun tayar da inji har kwanukan Nyak sai sun kaɗa. Ina nan ina kafa teburina da asuba, ita ce mai fara karɓar shinkafa, kuma sai ta biya, wai ita ma 'yar haya ce. Na saya mata ƙaramar koriyar tukunyar gas na ajiye mata kusa da ƙofar Babe. Bana da azumi ya zo ƙarshe na tsaya a bakin layi kamar kullum ina duban babura, biyu daga cikin ukun da suka rage mana suka ɗaure tukwanensu. Ta Nyak ce kaɗai ban damu in leƙa ba. Ita ba ta da ƙauyen da za ta koma.